Tattabarun Malam Almu

Malam Almu ya yi shekara fiye da ashirin yana tuƙa bas a arewacin Landan kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Mutumin Nguru ne, a bakin fadama ya tashi, yakan gane tsuntsun ruwa da kukansa tun bai gan shi ba. A unguwar Edmonton, a hawa na huɗu na gidan hayar gwamnati, abu biyu suka rage masa daga waccan rayuwa: akurkin tattabaru da ya ƙera a baranda da katakon tsohon gado, da madubin hangen nesa da ya saya a gwanjo. Duk Asabar yakan tafi kallon tsuntsaye a tafkunan Walthamstow shi kaɗai.

Maƙwabta sun sha ƙorafi kan kashin tattabarun. Matarsa, Hajiya Talatu, ta ce ƙurarsu ce ke sa shi tari da safe. Amsarsa ba ta canza ba: muddin yana numfashi, suna nan.

A ƙarshen Nuwamba ɗansu Umar Faruq, likita a Leeds, ya zo hutu. Ɗan fari ne, don haka Malam bai taɓa kama sunansa ba, Likita yake ce masa. Tun yana yaro ya ƙi raka uban tafki, wai aikin tsofaffin Turawa ne.

"Baba, gobe ka kai ni wurin tsuntsayen nan naka mana."

Malam ya ajiye kofin shayi. "Kai? Sanyi fa ake yi, Likita."

"Na ma riga na shirya mana tasi."

Washegari a bakin tafki, ganyaye sun zube, iska na yanka kunne. Malam ya nuna masa zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, da balbela, da agwagin da suka sauko daga ƙasashen ƙanƙara. "Masu zuwa wajenmu tuni suka tashi," in ji shi. "Yanzu haka suna fadamar Nguru." Daga nan baki ya buɗe. Ya ba shi labarin kwalekwalen mahaifinsa, da ranar da ya kife da su a tsakiyar ruwa, labarin da ko Hajiya ba ta taɓa ji ba. Umar Faruq yana ta tambaya, yana kuma leƙa wayarsa.

Da Malam ya ce su koma, lokacin hatsin tattabaru ya yi, sai ɗan ya riƙo hannunsa. "Mu ƙara zagaye ɗaya, Baba." Gwiwar na zugi, amma ya zagaya, yana murmushi.

Warin sabulu ne ya tare su a falo. An wanke barandar tas. Babu akurki, sai ramukan ƙusa a bango.

"Malam, zauna ka ci abinci tukuna," in ji Hajiya.

"Wani Awal ne daga Woolwich, can tsallaken kogi, ya zo ya kwashe su," in ji ɗan. "Yana da fili a bayan gidansa. Saboda ƙirjinka ne, Baba, wallahi."

Malam bai cire hular sanyinsa ba. "Da ka ce mu ƙara zagaye, shi kake jira ya gama?"

Ɗan ya juya ya kalli mahaifiyarsa.

"Umar Faruq, tambayarka nake yi."

Hajiya ta dafe ƙirji. Ba ta taɓa jin sunan a bakinsa ba.

"E, Baba."

Duk mai kiwon tattabaru ya san sai an kulle su sun saba da sabon gida kafin a sake su. Awal bai sani ba, likita da mahaifiyarsa ma haka. Bayan kwana biyu, da hantsi, aka ji ƙarar fukafukai. Sun tsallako kogi sun dawo, suka jeru a ƙarfen baranda suna kallon bangon da akurkin yake.

Malam ya fito da gero a faranti, ya tsuguna da ƙyar. Umar Faruq ya tsaya a bakin ƙofa, da madubin a hannunsa.

"Baba, mu koma tafkin yau? Wannan karon da gaske nake."

Malam bai juyo ba. Ya watsa wa tattabarun gero.

"Ai ka san hanya," in ji shi.