Ranar da Na Hana Garinmu Waƙa

Shekaruna saba'in da shida a bana, abin da zan ba ka labarinsa kuwa ya auku shekara sittin da biyar da suka shige. Ban yi niyyar rubuta shi ba. Amma makon jiya, ina neman wata takarda a cikin tsohuwar adakata, sai hannuna ya faɗa kan wani ɗan ƙarfe mai ƙafa biyu kamar 'yar gwafa, tsawonsa bai kai tafin hannu ba. Na buga shi a gwiwata, na kai shi kunne. Muryarsa tana nan yadda na san ta, siririya, ba ta tsufa ba. Ita ce ta tayar mini da abin da na daɗe ina dannewa.

Garinmu ƙarami ne, a bakin kogin Kwara, cikin ƙasar Bagudo, tafiyar yini guda ce a jirgin ruwa zuwa Dahome, wadda yau ake kira Benin. Gidanmu gidan masunta ne. Idan ka shigo, hayaƙin bandar kifi ne zai fara gaishe ka kafin mutanen gida. A zamanin nan iyaka ba ta dame mu ba. Kasuwa ɗaya muke ci da mutanen ƙetare, muna auren 'ya'yansu, suna auren namu.

Malamin waƙarmu Kirista ne, dogon mutum mai sanyin magana. Gidansa yana bayan makaranta, shi da matarsa da 'ya'yansa mata uku da mahaifiyarsa, tsohuwa wadda idonta ya tafi. Kowace safiya shi ne yake fito da ita hantsi, ya gyara mata tabarma, kana ya wuce aji. Ran Lahadi kuwa yana 'yar majami'arsu ta laka, inda 'yan tireda da ma'aikata kaɗan suke taruwa. Shi yake share ta, shi yake yaɓe ta bayan damina, shi kuma yake kaɗa musu wani akwatin kiɗa da ake takawa da ƙafa. Mu 'ya'yan Musulmi bai taɓa sa mana waƙar majami'a a baki ba, ran Jumma'a kuma shi ne mai fara korar mu mu tafi wanka. Wanda yake da wasiƙa, ta Turanci ko ta Faransanci, gidansa yake nufa, ya fito da takardarsa ba tare da an tambaye shi komai ba.

Sau ɗaya tak na san ya bar majami'a ana tsakiyar ibada. Ƙanwata ce kububuwa ta sara a idon sawu, a gonar gero, Baba kuwa yana kan ruwa. Inna ta fito da gudu ba mayafi, ta rasa inda za ta dosa, sai ƙofar majami'a. Malam ya ɗaga ƙafarsa daga kan akwatin, ya goya yarinyar da zanen matarsa, ya hau keke har ɗakin magani na Bagudo. Mutanensa suka ƙarasa waƙarsu da baki. Ƙanwata ta rayu.

Yanzu bari in gaya maka yadda yake koyar da mu, domin a nan maganar take. Mu arba'in ne masu waƙa. Kafin a fara, sai ya buga ɗan ƙarfen nan a gwiwarsa, ya kai shi kunnena, domin ni ne mai bayarwa. Ni kuma in ɗauki muryar a hanci, can ƙasa-ƙasa, na kusa da ni ya karɓa, ta bi layi har ƙarshe. Sa'an nan ya ɗaga hannu a fara. Doka guda gare shi, ya kuwa dasa ta a cikinmu shekara biyu cur.

Yakan ce, “Wanda bai ji murya ba, shi riƙe bakinai. Ko Gwamna ne yac ce a fara.”

Sai Hedimasta. Ba zan faɗi sunansa ba, ba don na girmama shi ba, sai don ban ga dalilin da zai sa takardata ta ɗauki nauyinsa ba. Da bazarar shekarar nan gobara ta cinye gidansa ƙurmus. Malamin waƙa ne ya kwashe shi da iyalinsa, ya ba su ɗakinsa, shi ya koma zaure. Wata biyu suna ci daga tukunya ɗaya. A nan ne, wata rana bayan la'asar, tsohuwa tana hira irin ta tsofaffi, ta ambata cewa da ta sami cikin Malam, gidan iyayenta ta koma goyon ciki, can ƙetare, kamar yadda kowace mace takan yi a haihuwar fari. Can aka haife shi, bayan arba'in aka dawo da shi gidan ubansa. Ina wurin, na kawo musu kifi. Na ga Hedimasta ya yi dariya tare da kowa, lomar tuwonsu tana hannunsa.

Rabin 'ya'yan fari na garinmu haka aka haife su. Yayana ma can ya faɗo.

Da damina ta yi nisa, Dahome ta sami 'yancin kanta, mu kuma aka ce saura wata biyu. Aka aiko cewa Hakimi da Di'o, Baturen mulki, za su zo garinmu ranar bikin, yaran makaranta su rera waƙar ƙasa yayin da ake ɗaga sabuwar tuta. Mai duba makarantu ya zo ya saurare mu, ya yabi malamin waƙa a gaban kowa, ya manta bai ce wa Hedimasta ko sannu ba. Iyakar laifin ke nan. Bayan mako uku sai ga takarda daga En'e, hukumar gargajiya: an sami labari cewa malamin waƙa haifaffen Dahome ne, saboda haka baƙo ne, bai cancanci ya tsaya gaban tutar ƙasa ba, bai kuma cancanci aikin ba. Liman da kansa ya taka har gidan Hedimasta ya ce masa wannan ba daidai ba ne. Ya amsa da cewa shi ma abin ya fi ƙarfinsa. Magatakardan da ya karɓi wasiƙar ƙarar kuwa ɗan ƙanen Inna ne, ya kuma san rubutun hannun kowa. Shi ya gaya mana rubutun Hedimasta ne.

Baba ne ya kai Malam da iyalinsa ƙetare a jirginsa, saura kwana goma biki. Kwara ta cika maƙil, ruwan ja wur, ana ta gasa tumu a bakin gaɓa. Aka ɗaure akwatin kiɗa a tsakiyar jirgi, aka lulluɓe shi da tabarma. Tsohuwa tana lalube, tana tambayar kowa.

“Ni kam mi nay yi? In laifi ne, nawa ne. Ni nit tafi gidanmu. A bar mini ɗana ga aikinai.”

Malam ya ɗauke ta cak ya zaunar da ita. Kana ya kira ni gefe, ya danƙa mini ƙarfen.

“Ɗana, ka san aikinka. Ka ba su murya. Ranar ta garinku ce, ba tawa ba ce, ba ta Hedimasta ba ce. Kada ka bari a ji kunya.”

Na ce, “To, Malam.” Allah ya sani, tun a lokacin na san ƙarya na yi masa.

Hedimasta ya karɓi waƙa da kansa. Bai san komai a cikinta ba, bai kuwa taɓa kula da ƙarfen ba, domin bai taɓa tsayawa ya ga yadda ake yi ba. Abin da ya gani daga nesa shi ne mutum yana ɗaga hannu, yara suna rerawa. Saboda haka sai ya zo da bulalarsa yana kaɗa ta a iska. Kwana goma muna gwaji. Kowace rana ina layi na biyu, in duƙa kamar mai susar ƙafa, in buga ƙarfen, in ba da murya a hanci, waƙa ta tashi sumul. Shi kuwa yana ta hura hanci, yana ce wa sauran malamai ashe abin da ake ta zuzutawa bai taka kara ya karya ba. Har ya ɗinka sabuwar kwat. Na bar shi yana hawa, ina ƙara masa tsani. Shekarata goma sha ɗaya, amma ban taɓa yin wani aiki da natsuwa irin wannan ba, har yau.

Ranar ta zo da rana mai kyau, ƙasa da sauran danshi. Aka raba mana 'yan tutoci. Filin makaranta ya cika, har mutanen ƙetare sun zo kallo. Hakimi da Di'o suna zaune ƙarƙashin rumfar zana. Hedimasta ya fito cikin kwat ɗinsa, ya rusuna musu, ya juyo, ya ɗaga bulala, ya sauke.

Ƙarfen yana aljihuna, na dafe shi da hannu. Ban duƙa ba.

Yaro talatin da tara suka tsaya suna jiran murya, bakinsu a rufe, kamar yadda aka koya musu. Ya sake ɗagawa, ya sake saukewa. Shirun ya yi tsawo har ana jin masu wanki a bakin kogi. Ya matso, gumi yana bin wuyan kwat, ya yi magana ta tsakanin haƙora.

“Kai ɗan masunta, buɗe bakinka.”

Na dube shi cikin ido, abin da yaron zamaninmu ba ya yi wa babba. Na ce, “Ban ji murya ba, Malam.”

Sai ya yi abin da ya ƙarasa shi. Ya buɗe nasa bakin zai tayar da waƙar. Ya ɗauko ta can sama, inda ko mace ba ta kai ba, a kalma ta uku muryar ta tsage kamar ta ɗan zakara. Wata tsohuwa mai tallar fura ce ta fara dariya, daga nan fili ya ɗauka. Hakimi bai yi dariya ba. Ya jira aka lafa, ya ce a hankali, yadda kowa zai ji:

“Hedimasta, ina wanda ka koya musu da? Ko shi ma 'yancin kai anka ba shi?”

Tuta ta hau ba waƙa. Kurar igiyarta kawai aka ji tana ƙara.

Na sha bulala goma sha biyu da yammacin nan, aka kuma kore ni daga makaranta. Inna ta yi ta faɗa tana gasa mini baya da ruwan zafi, tana cewa taurin kan gidan ubana ne. Amma da aka kawo abinci, sai Baba ya tsamo kan giwan ruwa, rabon da ba ya bai wa kowa, ya ajiye a ƙwaryata. Kafin kaka ta ƙare aka sauke Hedimasta daga muƙaminsa, aka tura shi wani ƙauye ya koyar da 'yan aji ɗaya. Ni na koma makaranta bayan shekara guda. Malam kuwa ba a mayar da shi ba. Takardar En'e ba ta san komawa baya ba.

Da ruwa ya janye na bi Baba kasuwar ƙetare, na nemi gidan Malam. Na iske shi yana yaɓen wata majami'a, laka har gwiwar hannu. Na zaci zai rungume ni. Labari ya riga ni isa. Ya dube ni, ya ce:

“Don mi kay yi haka, ɗana? Na ba ka ƙarfe ka tada waƙa, kai kuwa ka kashe ta. Yara talatin da tara sun yi shekara biyu suna jiran rana guda.”

Na ce, “Hedimasta yaf fara, Malam.”

“Na sani. Ni na yafe mishi tun cikin jirgi.”

Na miƙa masa ƙarfen, ya ƙi karɓa. Ya ce in riƙe har ranar da zan buga shi da zuciya mai sanyi. Sa'an nan ya sa matarsa ta zuba mini abinci, ya tambayi lafiyar ƙafar ƙanwata. A can ya ƙare rayuwarsa, yana kaɗa akwatinsa, yana rubuta wa mutane wasiƙa. Bai sake taka garin ubansa ba.

Yau iyakar nan ta yi shinge da masu kaki, jikokina kuma daga waya suke koyon waƙa, ba mai jiran murya daga bakin wani. Wannan duk na haƙura da shi. Abin da ban haƙura da shi ba shi ne labarin da ya iso mini bara, cewa jikokin Hedimasta suna faɗi a taro wai kakansu ne ya fara koyar da waƙa a ƙasarmu, wai shi ya jagoranci yara ranar 'yancin kai. To, ya jagoranta. Ga yadda ta kaya na rubuta muku.

Malam ya fi ni, ban taɓa musun wannan ba. Ya yafe nasa hakkin, shi ke da iko da abinsa. Amma ni aka raba da malamina ina ɗan shekara goma sha ɗaya, ni na ga makauniyar tsohuwa tana roƙon a hukunta ta a bar ɗanta. Wannan hakkina ne, yana nan a hannuna. Da za a mayar da ni filin nan, da kwat ɗin da bulalar da rumfar zana, hannuna zai sake dafe aljihu.

Wanda yake shakka, ba ni kaɗai na rage ba. Ƙanwata tana aure a Zagga, tabon saran yana idon sawunta. Wanda yake tsaye a damana ranar, shi ne ladan a Sharabi yanzu, ya kuwa gaya mini tun da Hedimasta ya ɗaga bulala karo na biyu suka gane abin da nake yi, suka ƙara datse baki. 'Yar Malam ta tsakiya tana ƙetare, akwatin kiɗan yana ɗakinta. A je a tambaye su. Ƙarfen kuwa na mayar da shi cikin adaka. Ranar da Malam ya faɗa ba ta zo ba tukuna.