Tukunyar Numfashi Ta Tafi Sharaɗa

Lokacin da muke samari a Bompai, manya sun sha faɗa cewa abu ɗaya ba zai taɓa yiwuwa ba, wato a sa mai kamfani ya ware ɗaki, ya zuba magani, ya ajiye malamin asibiti domin leburori. Sun ce mutumin da ya kawo injina daga ƙetare ba zai saurari ɗan ƙasa mai gajeren wando da keke ba. Malam Isiyaku Duba-gari ya ji wannan magana, bai yi musu da kowa ba, ya ci gaba da hawan kekensa. Kafin ya ajiye aiki, babu masaƙa ko kamfanin jima a ƙarƙashin kulawarsa da ba shi da ɗakin shan magani a buɗe. Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwarsa. Allah Ya jiƙansa, Ya kyautata makwancinsa.

Tare muka yi makarantar Midil. Shi ya tafi koyon aikin tsafta, ni kuwa na shiga wata masaƙa a matsayin akawu, har na zama babban akawu kafin na yi ritaya. Saboda haka na san aikinsa ne daga ɓangaren waɗanda ake dubawa, kuma ina ba da shaida cewa abotarmu ba ta taɓa sa ya gaya mini ranar zuwansa ba. Sai dai mu ɗaga kai mu ga keke jingine a gindin darbejiya. Ba ya fara shiga ɗakin maganin. Baya yake zagawa, ya buɗe kwandon shara da sandarsa. Idan ya ga auduga mai jini, da kwalaben da suka ƙare, da tsohon bandeji, sai ya gyaɗa kai, domin ya san an yi wa mutane aiki a wurin. Idan ya tarar da kwandon fes, ranar manaja ba zai ci abincin rana cikin daɗi ba.

Ba na cikin tsofaffin da ke cewa komai na da zinariya ne. A cikin duba-gari na wancan zamani akwai waɗanda suka tsorata matan aure a kan randa, suka fita da kaza a hammata. Da aka ce za a gyara tsarin, a karɓe aikin daga hannun mutum ɗaya a danƙa wa tawaga, a yi wa kowane ɗakin magani rajista, a riƙa sabunta ta, na yi murna. Shi ma Malam Isiyaku ya yi murna, yana kan gadon jinya a lokacin. Abin da bai rayu ya gani ba shi ne yadda sabon tsarin ya zo da ladabi. Yanzu ana sanar da kamfani tun da wuri cewa rana kaza masu dubawa za su zo. Su iso cikin mota mai sanyi, su ɗauki hoton gado da firji da waya, su sha lemo, su wuce.

Da ban ce komai ba, ba don Nasiru ba. Shi ne autan marigayin, kuma mahaifinsa ya bar mini amanarsa da bakinsa. Yana aiki a wani kamfanin jima a Challawa, cikin warin sinadaran da ake jiƙa fata da su, ga shi yana fama da fuka tun yana yaro. Watan jiya numfashinsa ya sarƙe yana tsakiyar aiki. Abokan aikinsa suka ɗauke shi zuwa ɗakin maganin kamfanin, suka tarar da kwaɗo a ƙofa. A adaidaita sahu aka kai shi asibitin cikin gari, cikin cunkoson manyan motoci, leɓɓansa sun yi baƙi. Allah Ya yi da sauran kwanansa.

Da ya samu sauƙi, na sa babbar rigata na tafi kamfanin da kaina. A bakin ƙofa na tarar da maigadi, wani dattijo mutumin Nijar, na tambaye shi dalilin da ya sa aka rufe ɗakin magani a ranar aiki.

Ya ce, "Ku yi haƙuri, Alhaji, ai ran nan ba ranarmu ba ce."

Na ce, "Ranar me?"

Ya ce, "Ranar asibiti mana. Tukunyar numfashi, mai iskar nan da ake sa wa maras lafiya, ta tafi Sharaɗa, su ake dubawa. Daga can ta wuce Dakata. Ita da firjin da gadon, duk a-kori-kura ɗaya ke kwasarsu. Malamar asibitin ma a gaba take zama, kusa da direba."

Na ɗauka zolaya ce irin ta masu gadi, sai ya ƙara mini bayani. Akwai wani mutum wajen Na'ibawa wanda da can yake ba da hayar rumfa da kujeru ga masu biki. Yanzu ya faɗaɗa sana'a. Yana ba da hayar asibiti sukutum, har da farar riga da mai sa ta, a kawo da safe, a kwashe bayan la'asar.

Na shiga wurin jami'in kula da ma'aikata, yaro ne sa'an jikana, mai fara'a. Ya miƙe ya ba ni kujera, ya nuna mini shaidar dubawa cikin gilashi.

Ya ce, "Baba, ai mu ba mu da matsala. Mun ci dubawar bara ba tare da gyara ko ɗaya ba."

Na ce, "Yaro, ranar da Nasiru ya faɗi yana neman iska, ina wannan shaida take?"

Ya ce, "Tana nan a bango, Baba."

Ya faɗi haka ne da zuciya ɗaya, ba da rashin kunya ba, kuma wannan ya fi komai ɓata mini rai. Ya taso ya tarar ana yin haka, bai san akwai wata hanya ba. Na fito ban sha lemon da ya kawo ba.

Na yi ta tunanin abin da Malam Isiyaku zai ce da yana raye. Ina jin ba zai zagi kowa ba, domin ba halinsa ba ne. Zai tambaya ne kawai, cikin muryar nan tasa mai sanyi, ko a cikin tawagar akwai wanda ya taɓa buɗe bakin tukunyar ya ji ko da iska a ciki. Ni ban san amsar ba. Maigadi ma bai sani ba, ya ce dai ba ta da nauyi wajen saukewa.

Me ya rage na aikin abokina? Ɗakunan suna nan, da jan fenti a ƙofa. Ya yi nasarar sa a gina su, mu da muka rage muka bari aka mai da su rumfar biki. Ɗansa kuwa ya koma bakin aiki makon jiya, domin yana da iyali, kuma kamfanonin da suka rage a buɗe ba su da yawa. Na roƙe shi ya bari, ya ce, "Baba, in na bari me za su ci?"

Saboda haka ina roƙon Edita ya buga wannan da manyan baƙaƙe, domin Nasiru da duk abokan aikinsa. Maigadi ya tabbatar mini cewa an riga an sanar da ranar dubawa ta gaba. A ranar za a buɗe ɗakin, a kawo tukunya, malama ta zauna daga hantsi zuwa la'asar. Duk wanda injin zai yanka, ko numfashinsa zai sarƙe, ya daure ya jira Laraba ta farko a watan Sha'aban.