Gashi a Cikin Kafireto

Jama'a, wannan abu a kaina ya faru, ba ji na yi ba, Allah ne shaidata. Lokacin ina kanikanci a Gadarif ta ƙasar Sudan, shekarun da gonakin tarakta suka mamaye ƙasar, kaka ta yi ana yankan riɗi. Wata rana da hantsi sai ga wakilin wata gona ta wajen Hawata da tsohuwar boksinsa, wato a-kori-kura, yana ta gumi. A can usta ake ce wa makaniki.

"Ya usta, rufa min asiri. In ban kai wa leburori ruwa yau ba za su watse, riɗin ya zube a ƙasa."

Motar in tana tafiya lafiya lau, amma da an tsaya an bar injin yana aiki sai ya hau ya sauka, ya yi kamar zai mutu, ya sake farfaɗowa. Ni ba na gaggawa. Na duba fulogi, na bi tiyo ɗaya bayan ɗaya ko iska na shiga, na juya sukurun iska, duk a banza. Sai na buɗe kafireto, na kwance ɗan bututun nan da ke ba injin mai in mota na tsaye, na kai baki na busa na tsotsa, yadda duk muke yi.

Subhanallahi! Wani abu ya taho min har maƙogwaro. Na sa yatsa na jawo, gashi ne na mutum, fari, irin na gemu, da yauƙi a jikinsa, ga wani wari kamar na mushe. Nan na durƙusa na amayar da shayin safe.

Abin da ya ɗaure min kai, matatar man tsaf take. Na wanke komai, na bar tankin motar, na ba ta sabon fetur kai tsaye daga galan, na tayar da ita. Ta ci gaba da hawa da sauka. Na sake buɗewa, wallahi ga gashin nan ya dawo, har ya fi na farko yawa.

Na ce, "Hajji, wa ka ɗauka a motar nan?"

Ya kawar da kai. Wai kwanakin baya wani tsohon lebura ne zazzaɓi ya kayar, ya sa shi a baya zai kai shi asibiti, sai ya tsaya wajen masu yanka, ya bar injin a kunne don batir ba ƙarfi, ya shagala har la'asar. Da ya dawo tsohon ya cika.

"To ya zan yi, usta? Riɗi ba ya jira."

"Kun yi masa wanka?"

Sai ya shiga share gumi.

Na mayar da komai na sake tayarwa, na saurari injin nan da kyau, sai na ji numfashin mai jinya ne sak. Na zare makulli, yana hannuna, amma sai da motar ta ƙara jan numfashi mai tsawo kafin ta yi shiru.

Na jefa masa makullinsa, na ce ya fitar min da ita, ya je ya nemi dangin mutumin nan. Ya zage ni, ya sa aka tura ta. Daga baya na ji leburorin sun watse, riɗin ya zube.

Har yau ban san yadda gashin ya shiga ba, kuma in na ji warin fetur sai na ji shi a harshena. Ku 'yan'uwana masu gyara, kada ku kai ƙarfen motar kowa bakinku sai kun tambayi wanda ta ɗauka.