Saniyar Da Ta Lashi Batiri

Dattijon yana tsaye a bakin garejin hanyar Kwangwalam, malafa a ƙeya, ƙafafunsa duk taɓon fadama. Da ganinsa ka ga makiyayi, irin wanda ba ya shiga gari sai da dalili. A gabansa ga wani dogon ƙarfe da ya sauke daga bayan jaki, farin gari ya feso ta gefensa. Batirin motocin nan ne masu aiki da mai da lantarki.

"Wa ya yar da wannan a mashayar shanu?"

Yazid makanike bai ko fito daga ƙarƙashin mota ba. "Baba, kwanansa ne ya ƙare. A Turai ya ci ƙuruciyarsa, nan mutuwa kawai ya zo yi. Ina za mu kai shi?"

"Saniyata ta ɗauka kanwa ce, ta lasa. Bakinta ya saluɓe, ta daina kiwo, ɗan maraƙi na bin ta babu nono."

"Allah ya sawwaƙe. Amma fa motar ba ta cika hayaƙi ba, Baba."

"Wato su can Turai sun shaƙi iska mai kyau, mu aka aiko wa mushen."

Dattijon ya juya ga batirin. Wataƙila nonon saniyar nan ne cefanen gidansa. Ya sunkuya da nishi, ya kinkimi batirin, ya dire shi a gindin randar da 'yan gareji ke sha suna alwala.

"Haba Baba, ruwan shanmu ne fa."

"Na sani," in ji dattijon, yana kwance jakinsa.