Tabarmar Usta Haruna a Gindin Katangar Coci

Ku da kuka kama gadi bana, akwai ranar da ban taɓa mantawa da ita ba a aikin nan, kuma ba don na yi abin kirki a cikinta ba.

Shekara goma sha huɗu ina gadin wata ƙaramar coci a Umbadda, wata unguwa a Omdurman. Ni, da ake kira Ammu Sale, wato Baffa Sale, Musulmi ne, jikan alhazan da suka taso daga Katsina a ƙafa, suka gaji a Omdurman. Gajiyar ce kaɗai gadon da suka bar mini. Karatuna bai wuce na sallah ba, shi ma malamina ya rasu yana shakkarsa.

Da yaƙi ya ɓarke, unguwa ta watse. Limamin cocin, wanda kowa ke kira Abuna, ya ƙi tafiya. Ya sa aka girka tukunyar adas, wani irin ƙaramin wake, a tsakar gida, wata dattijuwa, Mama Rebeka, tana tuƙawa. Aikina shi ne in buɗe ƙofa da hantsi, in duba kada a shigo da makami, in tsara layi. Doka ɗaya ya ba ni: kada in tambayi kowa addininsa ko ƙabilarsa.

A damina ta farko wani mutum ya fara zuwa. Na san shi sama-sama, Usta Haruna, tela ne a Suk al-Shabi kafin kasuwa ta mutu. Ba ya shiga layi. Sai ya shimfiɗa tabarma a gindin katangarmu, ya tuɓe takalmi, ya zauna har la'asar. Ko an yi luguden wuta kowa ya ruga ciki, shi ba ya motsi. Kullum na kai masa kwano, kullum na ɗauke shi yadda na ajiye. Mutum yana ƙarewa a gabana, wuyan jallabiyarsa sai ƙara faɗi yake.

Ni kuwa da wayona na gama yanke hukunci: girman kai ne, ba ya son cin abincin Kirista. Rana ta biyar na gaya masa cewa ni shekara goma sha huɗu ina ci, kuma har yau alƙibla nake kallo, in ba zai ci ba ya matsa da tabarmarsa. Ya fara naɗe ta.

Mama Rebeka ta ji ni. Ta fito da muciya a hannu, na zaci a kaina za ta sauke ta.

"Ammu Sale, makoki nawa ka ci tuwonsa a garin nan? Dubi zamansa."

Sai a lokacin na duba. Tabarma a ƙasa, ƙafa ba takalmi, fuska ga hanya. Zaman karɓar gaisuwa ne.

Abuna ya fito ya tsuguna kusa da shi. A hankali maganar ta fito. Matarsa ta rasu, ba a samu hanyar asibiti ba, ba a samu ta maƙabarta ba. A tsakar gidansu ya haƙa ya binne ta. Maƙwabta duk sun gudu, babu wanda ya ɗaga masa hannu ya ce Fatiha. Ya duba unguwar kaf, ƙofarmu ce kaɗai inda mutane ke wucewa har yanzu, shi ya sa ya kawo makokinsa nan, ko wani zai gane.

Abuna bai yi masa wa'azi ba. Ya sa aka shimfiɗa tabarmi a inuwar dogonyaro, cikin harabar coci, aka ɗora shayi ba sukari, don babu. Sannan ya ce da ni tunda ni ne Musulmin gidan, ni zan fara. Na ce Abuna, ni fa ba malami ba ne. Ya ce Fatiha ai na iya.

Na tsaya gaban mutumin da na kora ɗazu, na ɗaga hannuwa. Ya miƙe da ƙyar, ya ɗaga nasa. Ban kai rabi ba ya fashe da kuka. Musulmin da ke layi suka ajiye kwanoni suka biyo baya ɗaya-ɗaya. Kiristocin suka dafa kafaɗarsa, suka yi masa addu'a irin tasu. Kwana uku aka yi haka, Abuna yana zaune gefensa kamar ƙanin mamaciya.

Rana ta uku aka naɗe tabarmi. Na kai masa kwano. Ya cinye, ya ce wa Mama Rebeka gishiri ya yi kaɗan. Ta ce to, ya warke. Har muka rabu shi ke ɗinke mana buhunan adas da mayafan mata.

Na tsufa, gwiwa ta ƙi, yaƙin ya cinye sauran. Abin da na sani game da gadi ɗan kaɗan ne. Duba makami kowa ya iya. Amma in mutum ya zauna a bakin ƙofarku bai shigo ba, kafin ku miƙa masa kwano, ku tsuguna ku tambaye shi wa ya rasa.