Tambayar da Mesio Ya Yi wa Uwarsa

Shekarar da Mesio Chargualaf ya dawo ƙauyenmu Malesso' daga aikin sojan ruwa, ya shiga daji saro gora, ya fito da ƙafa a kumbure kamar turmi. Aka kai shi wurin Tan Deda mai magani. Ta tambaye shi ko ya nemi izinin kakannin da ke zaune a gindin bishiyoyi kafin ya shiga. Ya ce ya nema, cikin ladabi ma, da Turanci. Ta ce mutanen da suka mutu tun jirgin Bature bai san hanyar Guam ba, wa ya ɗaukar musu tafinta? Ya dage cewa mamaci yana jin kowane yare. Ta ce to ya koma ya roƙe su da Turancin su sauke masa kumburin. Gogan ya miƙa ƙafa.

Mesio taubashina ne, aji ɗaya muka yi, lokacin da ake hukunta yaro in ya yi yarenmu Chamorro a makaranta. Mu muka riƙa yi a ɓoye. Shi kuwa, mai biyayya, ya daina. Daga nan ya yi shekara ashirin da shida yana dafa wa sojoji wake a jirgi. Ya dawo yana jin komai, yana iya amsa i ko a'a, zagi ma bai manta ko ɗaya ba. Amma ya buɗe baki ya yi tambaya, sai harshen ya ƙage, kunnuwa su yi ja. A wurin biki gara ya ci shinkafa gaya da ya tambayi inda aka ajiye kifi.

Da uwarsu Tan Acha ta haura casa'in, ɗan Turancin da ta tsinta ya zube mata kaf. Ita kaɗai ta san inda ta binne 'yarta ta fari, jaririyar da ta rasu a hannunta lokacin yaƙi, sa'ad da aka kora mutane a ƙafa zuwa kwarin Manenggon. Kowa a gidan ya san da yarinyar, ba wanda ya taɓa ɗaga zancen. A wajenmu ba a tsare babba da tambaya.

Wata ranar Laraba Mesio ya same ni ina kankare kwakwa, ya tsaya yana murza hula. Ya ce in koya masa yadda zai tambayi uwar da Chamorro, don yana so ya kafa gicciye a wurin kafin ta tafi da sanin. Na faɗa masa, ya maimaita. Na yi dariya har kwakwar ta suɓuce, na ce ko akuyar Tan Deda ta fi shi lafazi. Bai rama ba. Ya sunkuyar da kai ya kira sunana ya ce, "Sake faɗi, Chai." Ban taɓa jin kunyar bakina irin ta ranar ba, ga shi na daɗe ina ba shi dalilin ramawa.

Sati uku yana zuwa. Ranar Lahadi bayan coci, gida cike, ya durƙusa ya kai hannun tsohuwar ga hancinsa kamar yadda ake gaida manya, ya yi tambayarsa. Tambayar ta fito a karkace, jikoki suna toshe baki. Tan Acha ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce sunan yarinyar Remedios. Ta faɗi rafin, ta faɗi dutsen da ya tsage biyu, ta faɗi taku nawa ne daga can. Ta yi ta magana har abinci ya huce.

A tsakar gida wansa Baldomero ya tare shi. Ya ce ya tone wa tsohuwa ciwo a gaban yara, ya kunyata gida, kuma da wane baki? Bakin da ko gaisuwa ba ya fitarwa daidai? Ya ce in tambayar ta zama dole, ai akwai waɗanda suka iya yaren.

Mesio ya tsaya, kunnuwan nan jajur, ya amsa masa da Chamorro ɗinsa mai ɗingishi.

"Gaskiya ne, Yaya, ka fi ni iyawa. Shekara sittin kana cin abinci da ita. Ka san sunan yayarmu kafin yau?"