Arzika Zazzage da Shaidar Hassan Wanzami

In ka shiga kasuwar Bodinga ka ce Malam Arzika kake nema, za a tambaye ka wanne, don sun kai biyar. Amma ka ce Zazzage, ko mai goron bakin titi zai nuna maka rumfarsa, can bayan masu kayan miya. Taubashina ne, uwarsa ƙanwar babana ce, saboda haka ina da ikon faɗin abin da na ga dama a kansa, kuma zan faɗa. Ni ce Maimuna, na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa a firamare kafin na ajiye alli.

A Danchadi aka haife shi, cikin laka da ruwan fadama ya girma. Bai yi boko ba, amma yana rubuta ajami tsaf, kuma kan nan nasa mai kama da tulu ba ya mantuwa. Irin albasa yake sayarwa, 'yan ƙwayoyin nan baƙaƙe da ake yafawa a bedi kafin a yi dashe. Sana'a ce da ha'inci yake da sauƙi a cikinta. Iri in ya shekara sai ya fara mutuwa, kuma ido ba ya raba matacce da mai rai. Wasu sai su zuba tsoho a ƙasan buhu, su rufe da sabo. Manomi ba zai gane ba sai bayan kwana goma, ya tsaya a kan bedinsa yana kallon ƙasa fayau.

Shi Arzika tun yana saurayi ya ɗauki wata ɗabi'a. Ko gwangwanin madara ɗaya za ka saya, sai ya zazzage buhun gaba ɗaya a kan tabarma ya ce ka ɗiba daga inda ranka ya so. Gefensa kuma kullum akwai jiƙaƙƙen tsumma da ya jera ƙwaya ɗari a ciki tun mako guda, ka buɗe da hannunka ka ƙirga nawa suka tsiro. Daga nan sunan ya samo asali. Matarsa Zainabu ta sha kawo min ƙara cewa ko shinkafa ya sayo sai ya zazzage mata ita a tsakar gida, kaji suna murna. Shekara arba'in ana kiransa Zazzage, kuma wallahi ya fi son sunan nan da wanda aka raɗa masa.

Aibinsa ɗaya ne, ga shi kuwa babba. Mutumin nan yana son ya zama na farko. Sahun farko a masallaci, na farko a buɗe rumfa, na farko a gidan suna tun ba a ɗora tukunya ba.

'Yarsa Kausar ta karanta kwamfuta a Sakkwato. Kafin ta tafi bautar ƙasa ta buɗe masa ɗan shafi a intanet: hotonsa, hoton tabarmarsa, lambar waya da kwatancen rumfa. Ta rubuta masa kalmar sirrin shafin a takarda, ya naɗe ya cusa cikin hula. Matsalar ita ce in ka buga "irin albasa Sakkwato" a injin bincike na waya, sai ka wuce jerin sakamako na ɗaya, na biyu, na uku, kafin ka tarar da Arzika can a na huɗu. Ranar da aka gaya masa haka ko abincin rana bai ci ba.

Ana nan sai ga Lukman, wani mai shagon gyaran kwamfuta daga Sakkwato, sun haɗu a ɗaurin aure a Shagari. Magidanci ne, tsaf da shi, ga ƙamshin turare, ga baki. Ya ce, "Baba, wanga ai aikina na. Ba ni mako ukku. In ba ka koma na ɗaya ba, a sake mini suna." Arzika ya cire hula ya miƙa masa takarda, ko shawara da ni bai yi ba.

Aikin ya ci, ba zan ɓoye ba. Kafin mako uku wayarsa ta fara ruri ba ƙaƙƙautawa. Sai dai kiran akwai ban mamaki. Wannan ya tambayi ragon layya, wancan taki, wani daga Ilori ya ce shanu goma yake so. Har mai neman tayar babur aka samu. Arzika yana ba su haƙuri yana washe baki. Ya tako har gidana ya dangwara min waya a hanci.

"Malama, duba ki gani. Ke da bokonki, an taɓa sa ki na ɗaya ga wani abu?"

Na duba, ga shi kuwa a sama. Na ce Allah ya sanya alheri, na tura masa furarsa. Ban gangara ƙasa na karanta sauran ba, kuma har yau ina jin haushin kaina a kan haka. Ni ce mai karatun, ni ya kamata in gani.

Wanda ya karanta shi ne Malam Sodangi, shugaban manoman lambu na Shagari. Su talatin da wani abu ne, kowace shekara wuri ɗaya suke sayen iri, shi ake ɗora wa nemowa. Ya ga shafin, ya ga shaidu har goma sha biyu suna yabon irin Arzika. Mu nan in an ce wane ya shaida, ba a tsayawa a kan an ce. Zuwa ake yi a gaishe shi, a ji daga bakinsa. Sodangi ya zaɓi mafi kusa, wani Hassan Dogo na Sifawa, ya hau babur ya tafi. Lukman daga kansa ya ƙago sunan, yana zaune a shagonsa. Bai san akwai Hassan Dogo a Sifawa ba. Akwai shi kuwa, dogo ƙwarai, wanzami ne.

Ranar kasuwa ina rumfar Arzika ina tsokanarsa, sai ga Sodangi da wani zanƙalelen mutum rataye da zabira. Aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi gajiya da ruwa. Sannan Sodangi ya fito da waya.

"Malam Arzika, ka yi haƙuri, wani abu zan karanta maka." Ya gyara murya. "Ni Hassan Dogo na Sifawa, na sayi irin Malam Arzika, ɗari bisa ɗari ya tsiro. Na yi dashe, kwana arba'in na cire albasa, kowace ɗaya ta kai kan jariri."

Mutane sun riga sun fara taruwa. Da aka ji kwana arba'in sai dariya ta ɓarke, don ko akuyar Danchadi ta san albasa sai ta haura wata uku bayan dashe.

"To ga Hassan Dogo nan," in ji Sodangi.

Dogon ya ce, "Ranka ya daɗe, ni aski nika yi. Albasa ban san ta ba sai cikin miya. Yaushe munka haɗu har na yi shaida?"

Arzika ya rantse bai san da maganar ba, kuma gaskiya ya faɗa. Sodangi bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Na yarda ba kai ka rubuta ba. Amma sunanka na bisa. Mutum talatin ka jirana, ba ni kai musu abin da munka fara da ƙarya." Ya yi sallama ya tafi.

Kafin la'asar wani shaƙiyyi daga layin masu tattasai ya ƙwalla, "Kwana Arba'in, a kawo gwangwani ɗaya!" Shi ke nan, suna ya kama. Ran nan Arzika ya naɗe tabarma tun rana tana sama. Kasuwa biyu bai fito ba. Ni da nake tsokanarsa tun muna yara, na je na same shi zaune a zaure ya zabge. Tausayinsa ya kama ni har na ji ƙwalla. Ciniki bai dame shi ba. Cewa ya yi, "Maimuna, shekara arba'in ina zazzage buhu, mako ukku sunka ɗebe mini suna."

Ba a jima ba kuma injin binciken ya gano wasan, ya jefar da shafin can inda ko mai haƙuri ba zai kai ba.

Kausar ta samu hutu ta zo. Muka zauna ƙarƙashin dalbejiyar gidansu, ta buɗe shafin, ta gangara har ƙasa inda babu komai sai fari. Ta danna yatsa ta ja. Sai ga rubutu ya bayyana, layi a kan layi: irin albasa Bodinga, irin albasa Shagari, irin albasa Sifawa, rago, taki, shanu, tayar babur, an maimaita ya fi sau ɗari. Lukman ya rubuta su da farin launi a kan farin wuri, mutum ba ya gani amma injin yana karantawa. Ta nuna mana wasu shafukan banza da ya buɗe, ba abin da suke yi sai nuni da na Arzika, don injin ya zaci duniya ce take yabonsa.

Arzika ya kalli wayar. Sannan ya ce, "Ashe wanga abu ma yana da ƙasan buhu."

Ya sa aka kira Lukman a waya. Lukman ya ce, "Haba Baba, kowa haka shika yi." Arzika ya ce masa shi ba kowa ba ne, ya yi masa fatan alheri, ya kashe waya. Ni ce na so a ba ni wayar, aka hana ni.

Ya juya ga 'yarsa. "To ke, mi injin ga ka so?"

"Baba, so yake in manomi ya yi tambaya ya kai shi inda zai samu amsa ta gaskiya. Ana iya ruɗinsa na ɗan lokaci, amma yana ganewa. Hanyar ƙwarai tana da jinkiri, ka sani."

"Jinkiri kamar na albasa?"

"Kusan haka."

"To mu dasa."

Yini uku muka yi. Kausar ta share ɓoyayyen rubutun da shaidun ƙarya. Shi yana faɗa, ni ina rubutawa, ita tana sakawa. Duk tambayar da manoma suka saba yi masa a rumfa muka amsa: yaushe ake yafa iri, gwangwani nawa ke isar bedi, me ke sa tsiro ya kwanta ya ruɓe, yaya ake gane tsohon iri. Ta rage nauyin hotuna don shafin ya buɗu ko a fadama inda sabis ke wahala. Kowane buhu aka ɗauki hoton tsummansa da adadin da ya tsiro. Har wani da sittin da ɗaya kawai ya yi, Arzika ya ce a sa, a rubuta cewa wannan ba na sayarwa ba ne.

Inda suka yi gardama shi ne saman shafin. Ya ce a fara da cewa an taɓa yin shaidar ƙarya da sunansa a nan, bai sani ba, amma shi ya ba da makullin shafin, yana neman gafarar Hassan Dogo da manoman Shagari. Kausar ta ce, "Baba, baƙon da bai san komai ba ma zai gani fa." Ya ce ai don shi ake zazzagewa.

Ya je Sifawa da kansa ya ba Hassan haƙuri, ya kai masa gwangwanin iri. Hassan ya karɓa, ya yi masa aski kyauta, ya ce tunda an riga an mai da shi manomi bari ya gwada. Ya yi 'yan bedi a bayan gidansa.

Shekarar ta yi wa Arzika tsawo. Ya koma rumfa, yana zazzage buhu kamar da, ana ce masa Kwana Arba'in yana amsawa da murmushin dole. Shafin kuwa yana rarrafe. Wata biyu babu labari, sannan jeri na uku, sannan na biyu. Kiran ya ragu ƙwarai, amma duk wanda ya kira iri yake nema. Masu saye suka fara barin shaida da sunansu da garinsu, wanda duk ya so ya je ya tambaye su. Da damina ta ja baya yana na huɗu a jerin farko. Na ce masa, "Na huɗu fa, taubashi." Ya ce in rufa masa baki.

Shaidar da ta fi kowace farin jini ta Hassan ce, da muryarsa aka ɗauka: "Ni na Hassan Dogo na Sifawa, wanzami, wanga karo ni da kaina. Cikin ɗari tamanin da takwas sunka tsiro. Wata ukku da kwana ashirin na cire. Ba ta kai kan jariri ba, ta dai kai dunƙulen hannu. Rabi akuyar maƙwabta ta cinye, wanga ba laihin Malam Arzika ba na."

Lokacin yafa iri ya kewayo. Ranar kasuwa ina zaune a rumfar, sai na hango Sodangi yana kutsowa ta layin masu tattasai, manoma uku a bayansa. Ashe ya sake komawa Sifawa ya ga ragowar albasar da idonsa. Arzika ya gan shi, ya sunkuyar da kai yana gyara tsumman da ba ya bukatar gyara. Sodangi bai jira ya iso ba. Daga can nesa, yadda duk layin zai ji, ya ɗaga murya.

"Zazzage! Zazzage mana buhu, mutanen Shagari sun iso!"

Arzika ya miƙe ya kama buhu, ya juye shi a tabarma har ƙwayar ƙarshe. Na ga yana goge ido da hannun riga. Na ce, "Lafiya, taubashi?"

Ya ce, "Yajin albasa na, ya shiga mini ido."

Na duba rumfar gaba da baya. Iri ne kawai a ciki, babu albasa ko ɗaya.